Hantar Akuyar Gwaggo Da Na Saka A Firiza

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai ina aji huɗu a karatun likitan dabbobi a Samaru, kaina kuwa ya fi ilimina girma. Ina da gwaggo a Muchiya, mijinta ya rasu, awakinta tara su ne cinta da suturarta. Wata Juma'a ta aiko in zo, awaki biyu sun mutu. Na feɗe ɗaya, na ga hantar ta yi fari-fari. Na yanko, na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta ƙara wa sauran dusa su yi ƙarfi, ranar Litinin zan kawo mata sunan ciwon.

An koya mana cewa irin wannan nama a fomalin ake tsoma shi, wato ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa. Na sani sarai, ƙiwar komawa makaranta ce kawai ta hana ni. Na ƙulle hantar a leda na jefa a firizar mai sayar da zoɓo a layinmu, aka kuma ɗauke wuta kwana biyu.

Da na kai wa malaminmu ranar Litinin ya duba a madubin likita, sai ya turo min madubin ya ce in gaya masa abin da na gani. Ya ce naman da ya mutu dabba tana raye daban yake da wanda ya ruɓe bayan ta mutu, kuma bambancin nan shi ne duk aikinmu. Ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin naman, zafi ya ƙarasa su, babu abin karantawa. Gwaggo kuwa na ce mata ana kan bincike.

Sai da huɗu suka ƙara mutuwa na kai wata hantar yadda ya kamata. Guba ce daga dusar da ta yi funfuna, wadda ni da bakina na ce a ƙara musu. Da na gaya mata gaskiya ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi da ma ta ji dusar tana wari, amma ta ga ni ne mai karatu.

Har yau abin yana ci na. Ɗalibai 'yan'uwana, duk wanda ya yarda da ku ya ajiye nasa sanin ne ya ɗauki naku. Idan kun yi kuskure ku faɗa a ranar, tun da sauran abin da za a ceta.