Tarin Da Na Aro

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu nan gefen Watari, wani abokina, malami a makarantar koyon aikin lafiya, ya same ni da wata magana. Ɗalibansu za su yi jarabawa, suna neman masu kwanciya a gado su yi kamar marasa lafiya, ɗalibi ya shigo ya duba su, malamai na gefe suna ba shi maki. Ni kuwa tun ina yaro gwanin kwaikwayo ne, ko limamin garinmu bai tsira ba. Nan take na amsa.

Aka ce mai tarin fuka zan zama. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, don tarin fuka ne ajalin mahaifina, kuma da ni aka yi jinyarsa. Na san yadda yake dafe ƙirji, na san ɗan nishin da yake yi kafin tarin ya ƙwace masa. Kullum da yamma sai in zaga bayan rumbu ina gwadawa, har ina yaba kaina. Ban gaya wa kowa a gida ba, kada a ce malami guda ya koma ɗan wasa.

Ranar jarabawa, wannan ɗalibi ya fita wancan ya shigo, tambayar ɗaya ce: "Malam, yaushe ya fara? Kana ganin jini?" Ni kuma ina ba su amsoshin mahaifina. Kafin azahar abin ya daina zama wasa. Murya ta dishe, ƙirji ya ɗau zafi. Wata ɗaliba ta ce min "Sannu, Baba," sai ga hawaye na gaske. Malamai suka yi ta yabo, abokina ya ce ashe ɓata baiwata nake yi a aji. Ba wanda ya tambayi yadda nake ji, ni ma ban faɗa ba. Na hau babur, tarin ya biyo ni har gida.

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, "kai wannan" kawai nake. Amma ranar na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakina. A gabanta ga kwano da kofin da aka ware wa mahaifina lokacin ciwonsa, ta fito da su ta wanke. Sai a lokacin na lura ta rame.

Na ce, "Inna, wannan kwanon fa?"

Ta ce, "Ina jin ka a bayan rumbu, tun ranar da ka fara. Gobe za mu asibiti. Ba zan yi jinkirin da na yi wa babanku ba." Sai ta kira sunana, ta ce kada in yi mata musu.

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Na durƙusa na yi mata bayani, ina kame-kame kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ta ƙura min ido. Can ta ce, "Wato lafiyarka lau?"

"Lau, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta tattara kwanon da kofin. "Amma tarin nan ba naka kaɗai ba ne da za ka ba da aronsa. Ni na kwana da shi."

Ban sake yin aikin ba. Na dai roƙi abokina, kafin su ɗora wa mutum cuta, su tambaye shi wa ya binne, in an gama kuma su zauna da shi ko na shan ruwa ne.

Inna ta yafe min, har tsokanata take yi in mura ta kama ni, ta ce a bincika ko ta jarabawa ce. Amma kunyar ba ta sake ni ba. Sau ɗaya tak na taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata, shi ma da tarin ƙarya na samo shi.