Teburin Kaka Mai Ƙafa Biyu

Shekaranjiya muka je barka Gumel, gidan ɗan ƙanina. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na taka daɓen falonsa, sai wani sanyi ya ratsa ni daga tafin ƙafa har tsakiyar kai. Na tsaya cak. Jikata da ke riƙe da hannuna, ita ce kuma ke rubuta muku wannan magana tawa, ta ce, "Hajiya, jiri ne?" Na ce mata ba jiri ba ne, wannan sanyin na san shi tun ba a haifi uwarta ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar da dutse ko'ina ba lalle ku gane ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, ƙasar rairayi zalla. Ko tsakuwar da za ka jefi akuya sai ka sha yawo. Dutsen niƙa ma daga nesa fatake ke kawo shi, mace ta gaje shi wurin uwarta, ta bar wa 'yarta. To a irin wannan ƙasa, a ɗakin kakata ta wajen uba, akwai wani tebur da samansa farin dutse ne sumul, tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗinsa bai kai kamu guda ba. Fari ne tas kamar kindirmo, da wasu jijiyoyi ruwan toka kwance a cikinsa. Yaran yanzu mabul suke ce masa. Mu dutsen Kaka muke cewa.

Ƙafafunsa biyu ne kawai, duka a gaba, na baƙin katako, lanƙwasassu, an sassaƙa ƙarshensu kamar dagin kyanwa. Bayansa ba ƙafa, sai an jingina shi da bango. Kakana namiji, wanda ban tarar da shi ba, ya yi shekaru yana awon gyaɗa a tashar Gagarawa wurin wani Kwara, irin fararen Larabawan nan masu kanti. Da mutumin zai bar ƙasar ya ba shi teburin. A raƙumi aka kawo shi, an naɗe dutsen cikin buhunan gyaɗa. Da aka iso aka ga ɗakin kara ba zai riƙe shi ba, sai aka gina masa ɗakin ƙasa. Shi ne ɗakin ƙasa na farko a garinmu, kuma don tebur aka yi shi, mutane suka biyo baya. Ina faɗa da bakina, don gidanmu ba ƙaramin gida ba ne.

Ba a cin abinci a kansa, ba a zama, ba a ɗora ko ludayi. Tasoshi uku ne a jere, da kwalbar turare, da ɗan madubi. Kowace Juma'a Kaka za ta sauke su, ta goge dutsen da farin ƙyalle da ruwan da ta tace. Da Sallah mata har daga ƙauyukan kusa suke zuwa kallo, su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Ungozomar garinmu ce kaɗai ba ta raga masa, don sa'ar Kaka ce, tare suka yi 'yan matanci.

"Ina gurgun naki?" in ji ta. "Har yau bai koyi tsayuwa da kansa ba?"

"Gurgun nan ya fi duk abin da ke ɗakinki," Kaka za ta ce, "har da ke da kike kwana a ciki."

Ni ce 'yar fari, a hannun Kaka na tashi, ni kaɗai ta yarda in taɓa shi. Da bazara, lokacin da rairayi ke ƙona ƙafa har kaji su buɗe baki, sai in shiga in kwantar da kumatuna a kansa. Sanyi kamar gindin randa. Kaka takan dube ni ta ce, "Sha sanyinki, ƙawata. Naki ne. Ranar da aka kai ki ɗaki da shi za a tafi."

Bayan motoci sun koma hannun dama ba da jimawa ba, sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ta biyun ma haka. Makiyaya suka riƙa gangarowa daga Faransa, wato tsallaken iyaka ta arewa, ta Maigatari da shanun da ake ƙirga haƙarƙarinsu, suna faɗuwa a hanya. Babana da sauran maza suka tafi ci-rani Kano, aka bar mata da yara da tsofaffi, muna cin tafasa da dusa. Kan wannan yunwa kuma sai ga baƙon dauro, ƙyanda ke nan, ya shigo gari yana bin yara gida-gida.

Wata rana da tsakar rana aka kawo ɗan maƙwabta jikinsa kamar garwashi. Ungozoma ta roƙi Kaka a kwantar da shi a kan dutsen ko ya ji sanyi. Kaka ta sauke tasoshinta. Yaron nan Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Shi ke nan magana ta bazu cewa sanyin dutsen Kaka magani ne. Ku fahimce mu. Ba mu taɓa ganin abin da rana ba ta iya zafafa shi ba. Mun san kanwa, ana fasa ta a jiƙa a sha. Sai muka ɗauka shi ma sanyin a cikinsa yake kamar gishiri, in aka daka aka jiƙa zai shiga jikin yaro ya kashe wutar.

Matar maƙerin garinmu ce ta fara zuwa, 'yarta na kwance. Ta durƙusa ta ce ɗan ɓalli kawai take so, kamar ƙwayar gero.

"A kawo ta ta kwanta a kai, ko kwana nawa ne," in ji Kaka. "Amma ba a fasa shi."

Yarinyar ba ta ɗauku ba. Kwana biyu aka kai ta makwancinta. Daga ranar matar maƙeri ta daina gaishe da Kaka.

Sai ƙanwata ta kamu. Shekararta uku, bakinta bai gama buɗewa ba, takan ce min "Aya" don ba ta iya cewa Yaya. Aka kwantar da ita a kan dutsen kwana huɗu. Idonta ya rufe da kwantsa, numfashinta ya koma kamar ana jan zare. Asibiti yana Gumel, ba namiji, jakinmu ya riga ya mutu. Innata, wadda tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Kaka ba saboda kunyar surukuta, ranar ta zo ta zube a bakin ƙofa da hantsi, ta ɗaga kai ta dube ta.

"Iya," ta ce, "ki fasa."

Kaka ta waiwayo. Sannan ta ce da ni, "Ƙawata, ɗauko min ɗan dutsen niƙa. Naki ne zan taɓa, ki yafe min."

Ni na ɗauko, ni na riƙe ƙanwata a kafaɗa. Bugu uku ta yi wa kusurwar hagu kafin ta ɓalle. Ƙarar tana kunnena har gobe. Aka daka, aka jiƙa, aka ɗura mata ruwa fari-fari. Kafin la'asar ƙanwata ta cika a kan cinyata.

Na zaci nan abin zai tsaya. Ina. Washegari da mata suka zo gaisuwa suka ga kusurwar a ɓalle, aka riƙa cewa an makara ne, da tun ranar farko aka ba ta da ta tashi. Matar maƙeri ta tsaya a tsakar gida ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ashe yana fasuwa."

Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta kwashe tasoshin ta tura ƙarƙashin gado, ta ajiye ɗan dutsen niƙa a kan teburin, ta ɗage labule. Duk wadda ta zo sai ta ce, "Shiga ki ɗiba." Suka zo daga garinmu, suka zo daga rugage, har daga wajen Gagarawa. Ungozoma da kanta ta zo ta ce, "Ke, ki bari haka, ba ya yi." Kaka ta ce, "Na sani. Amma wa zan hana yanzu?"

Kafin ruwa ya dawo dutsen ya ƙare. Waɗanda za su tashi suka tashi, waɗanda za su tafi suka tafi, kamar yadda ake yi a gidajen da ba su samu ko ɓalli ba. Katakon ya zauna jingine da bango, baki a buɗe, har gara ta cinye ƙafafun. Kaka ba ta ƙara shiga ɗakin da rana ba, ba ta ƙara ce min ƙawata ba, kuma ba ta ga daminar da gero ya yi ba.

Yanzu ga shi ana shimfiɗa irinsa a ƙasa, har a banɗaki, yara suna tsere a kai da takalmi, a zubar da miya a goge. Yaran kuma ana bin su har gida da allura, ƙyandar ma wasu iyayen ba su taɓa ganinta ba. Alhamdulillahi, ba na yi wa kowa baƙin ciki. Sai dai ba wanda ya rage da zan ce wa "kin tuna?" ta ce ta tuna.

Akwai guntu ɗaya a ƙasan adakata, bai fi rabin goro ba, ragowar kusurwar nan ta hagu. Na tsince shi ranar a gindin turmi. Da muka dawo daga Gumel na fito da shi na damƙa wa jikata. Ta jujjuya shi ta ce, "Hajiya, ai wannan ba shi da wani sanyi." Na karɓa na sa a kumatuna. Gaskiyarta. Ya yi ƙanƙanta, zafin hannu kaɗai ya ishe shi.