Tsohon Da Ya Ƙi Shiga Jirgi

Ana sallame sallar asuba muka bar Gwadangaji, ni da maƙwabcina wanda ya ara mini motarsa amma ya ƙi yarda in tuƙa. Niyyata in ɗauko yayana daga ƙauyenmu na bayan Gulma in dawo da shi Birnin Kebbi. Ambaliyar bana ta cinye shinkafarsa, ta kwantar da rabin gidansa, ga ciwon ƙafa da ya ƙi jin magani.

Hanyar Argungu ba laifi, abin da ke gefenta ne ba ya kalluwa. Ruwa ya shafe fadama, ko kan shinkafa ba a gani. Mutane sun kafa bukkokin buhu a bakin kwalta, mata na shanya 'yar shinkafar da aka tsamo, ta yi baƙi tana wari. A Argungu muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan duk ya rame sai ka ce shi ma ambaliyar ta shafe shi. Kifi kaɗai ne ya yi araha. Can muka ajiye mota muka hau kabu-kabu, inda hanya ta yanke kuma sai kwalekwale.

Na tarar da Yaya a gindin katangar da ta rage, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ga ɗaki na gyara, ga asibiti kusa. Sai da na gaji ya ce idan ruwa ya janye ba ya barin iyaka, wanda ba ya nan ranar da za a sake shata gonaki, gonar ubansa ta zama ta maƙwabta. Daga nan ya tambaye ni ko ina tune da shirin 'yan sama jannatin nan da muke kallo muna yara, a talabijin mai aiki da batirin mota.

Ku da kuke bibiyata kun san kwanan baya muka yi musu a kansa, na ce a duk labaransa babu na banza kamar wanda jirgi ya sauka wata duniya mai shirin nutsewa, kowa ya shiga ban da wani tsoho, kyaftin ya zauna yana roƙonsa har shirin ya zo ƙarshe, sannan ya juya ya shiga jirgi bai waiwayo ba. Ba harbi, ba dodo. Ranar da muka kalle shi muna yara, tsaki muka yi ta ja, muka ce an yi asarar batir.

Yaya ya ce, "Ku kun ce tsohon wawa na. Ni kau kyaftin nika jin tausai. Tsoho ya samu abin da shika so, shi ko kyaftin da abin cikin rai zai koma gida."

Hawaye suka cika mini ido. Na ajiye masa magani da ɗan hatsi, ya sa aka rako mu bakin ruwa.

Mun shigo Birnin Kebbi bayan la'asar. Da na huta na nemo labarin a waya na sake kallo. Kayan wasan har yanzu abin dariya ne, jirgin kamar da kwali aka yi shi, amma na janye maganata. Tafiyar nan ta nuna mini labarin bai da laifi, mu ne shekarunmu ba su kai ba. Sai wanda ya taɓa barin nasa a bakin ruwa, bai san ko zai dawo ya same shi da rai ba, zai gane abin da ya hana kyaftin waiwayowa.