Alƙalin da Ya Ratsa Fadama Bai Jiƙe Ba

Ko tsufa ya kai ni in manta hanyar gidana, ba zan manta da ranar Talatar da na rubuta ƙarya da hannun nan nawa ba. Ku sababbin magatakarda kun san ni da barkwanci, amma duk lokacin da na tuna wannan labari, ji nake kamar in cire hula in yi jifa da ita har Rabah.

Lokacin ina magatakarda a wata ƙaramar kotun shari'a tsakanin Wurno da Goronyo. Ga wanda bai sani ba, magatakarda shi ke rubuta duk abin da aka yi a shari'a cikin littafin kotu. In an ɗaukaka ƙara, kotun sama ba ta san fuskar kowa ba, abin da ka rubuta kaɗai take karantawa.

Aka kawo mana rikicin iyaka. Baba Altine, wani dattijo daga wajen Taloka, yana da gonar fadama da yake dasa albasa a cikinta tun ina rarrafe. Maƙwabcinsa Alhaji Ummaru, dillalin albasa, ya ce rabin gonar tasa ce. Mutanen fadama ba su kafa turke a iyaka, don ruwa zai kwashe shi. Jema suke dasawa, ciyawar nan da ko ambaliya ba ta tumɓuke saiwarta. Baba Altine ya ce layin jemar yana yamma da rijiya, Alhaji ya ce gabas. Ƙa'ida ita ce alƙali ya tashi da kansa, da magatakarda da masu shari'ar, a je a gani da ido.

Alƙalinmu sabon zuwa ne daga birni, mai farin takalmi. In taɓo ya ɗiga masa, kotu duka sai ta shiga zaman makoki. Ƙarshen watan Agusta ya kira ni ofis.

"Malam Sahabi, rubuta: yau kotu ta tahi gona da ƙahwa, ta zagaya, ta ga jema gabas ga rijiya."

"Allah shi gafarta Malam, yaushe munka tahi?"

"Kai na alƙali, ko ni? Rubuta abin da nic ce."

Ban ga an ba shi komai ba, ba zan yi masa ƙage ba. Ƙyuya ce ko wani abu, Allah ya sani. Ni dai na tuna 'ya'yana, na tuna ana iya jefa ni wata kotu inda ko jaki sai an lallashe shi yake zuwa. Na rubuta. Aka yanke wa Baba Altine rabin gona aka ba Alhaji, rabin da rijiyar take.

Tsohon ya hau mota har Sakkwato wajen lauya, wai zai kai alƙali ƙara. Ya dawo ya same ni gindin darbejiyar kotu.

"Ɗana Sahabi, wai alƙali ba a kai shi ƙara? Ko sarkin ƙauyenmu ana kai ƙaratai! Shi wanga daga sama yas sauko?"

Na zaunar da shi na yi masa bayani. Doka ta ba alƙali kariya a kan abin da ya yi bisa kujerar shari'a. Ba don haka ba, duk wanda aka kayar sai ya maka alƙali a kotu, masu ƙarfi kuma su riƙa tsorata shi. Amma akwai ƙofa biyu. Hukuncin, a ɗaukaka ƙara. Halin alƙalin kuwa, a rubuta koke ga hukumar da ke ɗaukar alƙalai aiki tana kuma hora su. Na nuna masa ƙofofin da kyau, na ɓoye masa cewa hannun da ke nunin shi ya rubuta ƙaryar. Har albarka ya sa mini. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ya bi ƙofofin duka biyu. Bayan watanni hukumar ta turo kwamitin bincike, mutum uku. Shugabansu tsohon alƙali ne, haifaffen bakin gulbi. Aka karanta abin da na rubuta. Baba Altine ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, tambaya guda nika so a yi ma alƙalin nan. Ranar da yac ce ya taka gonata da ƙahwa, goran iyo yah hau ko jirgin ruwa? Don watan nan ruwa ya kai wuyan raƙumi. Ni mai gonar na yi kwana arba'in ban ga jemata ba. Kihi ka kwana cikinta!"

Kowane ɗan fadama ya san a Agusta gulbi ke riƙe da gonakin nan, sai ya janye a yi dashe. Mai farin takalmi ne kaɗai bai sani ba. Ni na sani, na kuma rubuta.

Shugaban ya juyo. "Magatakarda, kun tahi?"

Alƙali ya zuba mini ido kamar zai huda ni. Na ce, "Ranka shi daɗe, in mun tahi, to cikin mahwalki na. Ni ko iyo ban iya ba."

Aka fashe da dariya, ban da shugaban.

"To mi yas sa ka rubuta?"

Duk surutun nan nawa da ke cika kasuwa ya ƙafe. Na ce, "Tsoro."

Aka ba ni takardar gargaɗi, aka tsayar mini da ƙarin girma, na kuma cancanta. Alƙali aka rage masa muƙami, aka ɗauke shi daga kujera. Kotun sama ta ce a sake shari'a. Sabon alƙali ya tuɓe takalmi da rani, muka shiga fadama, ga jema nan reras yamma da rijiya, inda tsohon ya ce.

Amma kafin nan dashe biyu ya wuce. Rabin da ya rage masa ba rijiya, dattijo mai furfura ya koma ƙwadago a gonakin 'ya'yan abokansa, yana ban ruwa har bayansa ya ranƙwafa. Wanda ya jawo masa haka ko sannu bai ce masa ba, kuma babu kotun da za ta sa shi ya ce. Wannan shi ke tafasa mini zuciya har yau. Kariyar nan don gaskiya aka yi ta, don alƙali ya yanke hukunci ba da tsoro ba. Ba a yi ta don mutum ya zauna ƙarƙashin fanka ya ce ya ratsa gulbi ba.

Ranar da aka mayar masa da gonar, Baba Altine ya riƙe hannuna, hannun da ya yi rubutun. Ya ce, "Sahabi, gona ta dawo. Shekarun nan biyu hwa, wace kotu ka maido su?"

Na san littafin ƙa'ida daga bango zuwa bango, babu shafin da ya ambaci wannan kotu.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Alƙali yana da kariya, manomi ba shi da komai sai abin da kuka rubuta. Ƙaryar alƙali ba ta isa kotun sama sai ta hau alƙalaminku. Kuna yi mini dariya wai ina leƙen ƙafar alƙalai kamar mai gyaran takalmi. Ku yi ta yi. In aka ce in rubuta kotu ta je ta gani, sai na ga taɓo a takalminsa, na ga a nawa, sannan in buɗe littafi.