Kwamfutar da Aka Yi Wa Gafaka

Shekarar da idon Baba ya fara gazawa, ni na ce zan buga masa karatunsa a kwamfuta. Baba malami ne a Durun, ya tsufa yana karantar da fiƙihu a zaure, ga shi bayanan da ya rubuta da hannunsa sun fi ƙarfin idonsa. Abu ɗaya yake so, ya sake karanta su da kansa, ba a karanta masa ba. Na ce zan fitar da su da manyan baƙaƙe. Yayana babba ya yi dariya. Ni kuwa tun ina ƙarama babu abin da ke sa ni taurin kai kamar dariyar Yaya.

Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa da aka saya a hannun wani, akwatinta a ƙasa kusa da ƙafata. Da farko lafiya lau muke aiki. Ranar da Baba ya ji cewa ayoyin da nake bugawa a cikin akwatin nan suke zama, sai ya ce subhanallahi, a ɗaga shi. Inna ta ɗinka wa akwatin gafaka da yadi mai kauri, irin wadda ake sa Alƙur'ani, aka ɗora shi kan kantar ajiye kaya can kusa da kwanon rufi. Ni ma na ji daɗi, domin a gidanmu haka ake yi wa duk abin da ke ɗauke da aya.

Da bazara ta kankama sai kwamfutar ta birkice. Fankarta ta riƙa gurnani. In na buɗe shafin da ke nuna aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, sai in ga layin ya haura ya manne a sama, alhali rubutu kawai nake yi. In danna harafi, shiru. In sake dannawa, sai su zubo a jere. Wasali ya tsallake wurinsa. Wata rana takarda ta fito da kuskure a tsakiyar aya, kuma Yaya ne ya fara gani.

Ya kai ta zaure. "Allah gafarta Malam, wannan abin fa ba na aya ba ne. Tun da aka sa masa aya yake ihu. A bari kawai, ni zan riƙa karanta maka."

Baba ya ce in ba ta daidaita ba kafin azumi, a daina. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Babu abin da ban yi ba. Na goge manhajojin da ba na buƙata, na nemi bairos, cutar kwamfuta, ban samu ba, na aro wani kibod, duk a banza. Na tuɓe mata gafaka na kai ta wurin mai gyara a Gwarzo. Ta yi tsit a gabansa kamar baƙuwa a gidan surukai. Ya ce, "Malama, lafiyarta ƙalau." Na dawo gida, Inna ta mayar mata da rigarta, kafin la'asar ta koma gurnani.

Don haushi na hau kujera na kai mata hannu. Yadin ya yi zafi kamar murfin tukunya. Na laluba bayanta, ramukan da iska ke fita duk a toshe. Ashe mu ne muka shaƙe ta da ladabi.

Na zare gafakar nan take. Yaya ya shigo ya ga akwatin tsirara, ya ce lallai boko ya gama da ni. Na ce masa ya faɗi abin da ya ga dama, ba zan mayar ba. Na ɗauki akwatin da zafinsa na ajiye a gaban Baba.

"Baba, taɓa ka ji. Ko gafaka ko karatunka, ba za a samu duka biyun ba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya daɗe da tafinsa a kan ƙarfen. Sannan ya ce ladabin aya shi ne a rubuta ta daidai, amma akwatin ba zai koma ƙasa ba. Aka sa shi kan benci a bakin taga. Fanka ta yi shiru, baƙaƙe suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a ga wata na kai masa babin tsarki. Yaya na tsaye a bakin ƙofa. Baba ya matso da takardar kusa da fuskarsa, yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Can ya tsaya.

"Nan kin bar shadda."

Na duba, gaskiya ne, kuma babu wanda ya karanta masa. Na juya na kalli Yaya ido cikin ido, sannan na ce, "To Baba, ci gaba, ka nemo mini sauran."