Kajin Ista

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare Baba ya raba gidanmu biyu. Ya ja katanga daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya, ya bar ƙaramar ƙofa a tsakiya, ya gina ɗakuna huɗu a inda a da muke ɗaure awaki, ya fitar musu da tasu ƙofar ta titi. Haka ake yi a unguwarmu a lokacin. Ɗakunan kwanan da ke cikin jami'a ba sa isar ɗalibai, don haka duk mai ɗan fili a Wudil sai ya sauke bulo ya yi na haya. Baba ya ce shi mata kaɗai zai ba, kuma namiji ba ya wuce bakin ƙofa ko da ƙanin mai ɗaki ne.

Rijiyar ta zama tamu da su. A nan na fara sanin 'yan jami'a, ina jan guga ina kallonsu ta gefen ido. Da sassafe sukan fito da bokitai, kowacce da waya a hannu, suna tambayar juna, "Yau a ina ne, nan ko can?" Jami'ar wuri biyu take, ɗaya a kusa da mu, ɗaya a wajen gari, kuma wani lokaci sai da safen ake sanar da su inda za a yi lakca. In aka ce can ne, sai ka ga an bar shayi a kofi, an zura takalmi ana gudu don kada mota ta cika. Da yamma ƙawayensu na hostal su zo, a shimfiɗa tabarma, a soya ƙwai a kan risho, a yi ta gulmar malamai da ta samari rabi da Hausa rabi da Turanci. Ban taɓa sa baki ba. In an ce da ni "'yar gida, zo ki ci," sai in ce na ƙoshi in wuce.

Uku daga cikinsu 'yan cikin Kano ne, ranar Juma'a suke tafiya gida sai Lahadi. Ta huɗun daga Filato ta zo, Kirista ce, gidansu da nisa, sai hutu take zuwa. Anti muke ce mata. In gidan ya yi shiru a ƙarshen mako, ita kaɗai ke shigowa ɓangarenmu. Takan tsaya a ƙaramar ƙofar ta yi sallama, ta tambaye ni, "Mama yana ciki?"

Umma ta amsa daga ɗaki, "Yana ciki, 'yar nan, har da gemunsa."

Anti ta yi dariya ta gyara, gobe kuma ta sake. Hausarta haka take, mace da namiji duk "ya" ne. Ta koyi tuƙa tuwo a wajen Umma, ta koya mini lissafin da ya gagare ni a makaranta, a bayan takardun lakcarta. Ba ta matsa mini in yi magana. In ta tambaye ni na yi shiru, sai ta ci gaba da rubutu har in amsa don kaina. Ta taɓa ce wa Umma ita ba za ta tashi daga gidan nan ba sai ta gama karatu, ko da an mayar da su can gaba ɗaya, gara ta riƙa bin mota. Umma ta ce, "Ai ke kin zama 'yar gida."

Duk da haka akwai dokar da Umma ta kafa mini. Ban da fita titi da 'yan jami'a. Ta ce su manya ne, sun san abin da suke yi, ni kuwa in aka gan ni tare da su magana za a yi.

A shekararta ta biyu a gidan, bikin Ista na Kiristoci ya faɗo daf da jarrabawarsu, ba ta samu zuwa gida ba. Ranar Juma'a ta dawo daga kasuwa da kaji biyu, ta ɗaure su a inuwar katanga. Niyyarta Baba ya yanka mata. Haka ta ce ake yi a garinsu, in za ka yi girkin biki sai ka kai wa maƙwabcinka Musulmi ya yanka, don kowa ya ci. Amma Baba ya tafi Utai sharar gona tun Alhamis, sai Litinin zai dawo.

Ranar Asabar da la'asar na fito da jakata zan tafi Islamiyya, sai na gan ta a ƙofarsu ta titi, kaza ɗaya a kowane hannu, sun buɗe baki saboda zafi.

"Ƙanwata, taimake ni. Wa zai yanka mini? Ban san kowa ba."

Na ce akwai wani malami da ke zama a bakin masallacin layinmu.

"Raka ni. Minti goma."

Malamin ba ya nan. Aka ce mu gwada gaba, gaba ma babu kowa, har muka kai wajen masu kaji kusa da gada. Wani dattijo mai jar hula ya karɓa. Na tsaya ina kallo. Ya wasa wuƙa a kan dutse, ya ba kowace kaza ruwa a tafin hannunsa, ya juya gabas, ya take fukafukan da ƙafa, na ji bisimillarsa da kunnena sau biyu. Kafin mu dawo lokacin Islamiyya ya yi nisa. Na shige ɗakin Anti na taya ta figa, na zauna har na ji muryoyin yara sun taso, sannan na wanke hannuna da sabulunta na zagaya ta ƙofarmu na yi sallama kamar daga makaranta nake. Wannan ne karo na farko da na taɓa yin fashi.

A makon nan Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Darki ganin likitan ido, tana kwana a ɗakin Umma. Ranar Lahadi bayan azahar Anti ta dawo daga coci, ta gama girki, ta shigo da babbar kula a hannu, tana sanye da atamfarta ta bikin. Ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo, ta ajiye kular a gaban Umma.

"Mama, abincin Ista."

Umma ta yi ta godiya da sa albarka. Anti ta kalle ni ta ɗaga gira, ta fita.

Da Umma ta buɗe, ƙamshi ya cika rumfar. Dafa-duka ce, ja, da ganyen albasa a sama, an jera cinyoyi huɗu da ƙirji. Duk naman kirkin ta zubo mana. Na san abin da ya rage mata, wuya da ƙafafu da fukafukai, don ni na taya ta yanyankawa.

Gwaggo ta leƙa da idonta mai lafiya. "Yarinyar nan akwai ladabi, ban ƙi ta ba. Amma wa ya yanka?"

Umma ta dubi naman, murfin a hannunta. "Ai kuwa maigidan ba ya nan."

"To kin gani."

"Ko in tambaye ta?"

"Ki tambayi wanda ya kawo miki abinci wa ya yanka masa? Ai cin fuska ne. Ki bar shi kawai, ba sai ta sani ba."

Umma ta juyo gare ni. "Ke da kike shiga wajenta, kin ga wanda ya yanka mata?"

Na ji amsar a bakina, har da jar hular dattijon. Amma in na ce na gani, za a ce a ina, in ce bakin gada, a ce yaushe, in ce lokacin Islamiyya. Kuma a gaban Gwaggo, wadda za ta kai maganar Darki ta dawo da ita kunnen Baba. Na sunkuyar da kai na girgiza shi.

Umma ta rufe kular a hankali. Ta ce in kai baya in zubar inda ba za a gani ba, in wanke kular. Na je bayan ɗakuna, inda kaskon kajinmu yake, na juye. Ban tona rami ba, ban rufe ba, so nake kawai in rabu da shi. Na manta igiyar shanyar 'yan haya ta nan ta bi, katangar kuma a wajen ba ta kai kafaɗa ba.

Kwano ba ya komawa haka nan a gidanmu. Umma ta cika kular da gyaɗar gonarmu, ta ɗora dabino a kai. "Ki ce mata an gode, ya yi daɗi ƙwarai."

Na same ta zaune a bakin katifa, ta cire ɗankwali, kayan shanya a ninke kan cinyarta. Na ajiye kular na faɗi abin da aka aiko ni.

"Ya yi daɗi?"

"E."

"Kaji ma na ga suna so."

Ban ɗago ba. Ina kallon wata ƙwayar shinkafa da ta maƙale a gefen tabarma.

Ta ce, ba da faɗa ba, "Na ɗauka yanka ne damuwa, shi ya sa na sha rana har gada. Ke kin gani da idonki. Ashe ba yanka ba ne. Hannuna ne."

A nan na gane abin da ta ɗauka. Ta ɗauka na gaya musu, sun sani, kuma duk da haka suka zubar. Kalma kaɗan ce za ta gyara, in ce ban faɗa ba. Amma in na faɗi haka, ita ma za ta san irin wadda nake. Sai ta ce, "Je ki, ƙanwata. Ki gaishe da Mama."

Ba ta daina gaisuwa ba. Kullum da safe takan ce ina kwana ta saman katanga, amma ba ta ƙara ratsa ƙaramar ƙofar ba. Umma ta ce jarrabawa ce ta sha mata kai. Ni kuma na daina kai mata lissafi, na riƙa jan ruwa lokacin da na san tana lakca. Sau da yawa na shirya maganar a raina a hanyar makaranta, in na iso gida sai in ce gobe.

Da zangon karatun ya ƙare aka ce 'yan ajinsu daga yanzu can za su riƙa karatu gaba ɗaya. Ta zo ta gaya wa Baba ta samu wuri a kusa da can, tare da wasu 'yan cocinsu. Ranar da za ta tashi na taya ta ɗora katifa da risho a kan adaidaita sahu. Ta durƙusa ta yi wa Umma sallama, Umma ta ce, "Ba ke kika ce sai kin gama ba?" Ta ce, "Motar ce da wahala, Mama."

Bayan kwana biyu muna tsince shinkafa, Umma ta ce, kamar da kanta take, "Ni dai ban san abin da muka yi wa yarinyar nan ba." Sai na faɗa mata. Na fara daga kajin, na bi ta gada, na ƙare da kasko. Na zaci duka ne ko faɗa. Ta ajiye faifan ta daɗe tana kallona.

"Fashin kwana ɗaya," ta ce. "Saboda fashin kwana ɗaya kika bari na zubar da abincin mutum, na kuma aika masa da ƙarya."

Ta ɗauko wayarta ta kira Anti, da aka ɗauka ta miƙo mini. "Da bakinki."

Na faɗa, ina tsayawa ina ci gaba. Can ɓangaren ina jin hayaniyar 'yan mata da ƙarar cokali a tukunya. Da na gama Anti ta ɗan yi dariya.

"Ƙanwata. Da kin faɗa."

Umma ta karɓa ta ba ta haƙuri, ta ce ɗakin yana nan ba a ba kowa ba. Anti ta ce babu komai, ya wuce, amma ta riga ta zauna, ba za ta bar abokan zamanta ba. Baba ya jira wata guda, sannan ya ba wata 'yar Gaya.

Ta zo gaishe mu sau uku kafin ta gama jami'a. Kowane zuwa Umma takan tuƙa mata tuwo da miyar kuka, ta zauna a rumfa ta cinye, ta tambaye ni lissafi. Kuma kowane zuwa da tsarabarta, burodi a ledarsa, ko lemon kwalba, ko biskit, abin da aka rufe tun daga kanti. A zuwan ƙarshe Umma ta riƙe hannunta a bakin ƙofa ta ce, "In za ki dawo, shinkafar nan taki nake so, wadda ban ci ba."

Ta ce, "To, Mama."

Na raka ta har bakin layi, da izinin Umma. Muka tsaya jiran abin hawa. Bayan wata biyu suka yi jarrabawar ƙarshe ta koma Filato, ba ta samu biyowa ba.