Digirina a cikin jar fata

Na dawo daga Masar da digirin injiniyan magudanan ruwa, takardar duk da Larabci. Wani kamfani a Adabraka ya ce zai ɗauke ni aiki, amma sai na kawo shaidar cewa Ghana ta yarda da karatuna kafin wata ya ƙare. In ba haka ba, akwai mai jiran kujerar.

Ofishin tantancewa suka ce ba sa karɓar kwafi, asalin suke so. Asalin kuwa yana wajen kakata a Nima, cikin akwatinta.

Na je na ce, "Kaka, takardata."

Ta ɗaga katifa ta miƙo mini wata ƙatuwar laya, jar fata, har da igiyar ratayawa.

"Mene ne wannan?"

"Takardarka mana, maigida. Rubutun Larabci da hatimi har na zinariya, ka bar shi tsirara cikin akwati? Shi ya sa aikin ya ƙi zuwa. Na kai wa baduku ya ɗinke."

Na ce lissafin kwalbati ne da siminti a ciki, ba addu'a ba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san abu mai ƙarfi in ta gani. Ta sa na rantse ba zan farke ba sai a gaban masu tantancewar, kada albarkar ta zube a hanya.

Chale, ɗan'uwa, haka na shiga motar haya ta trotro da digirina a wuya.

A ƙofar ofis mai gadi ya ƙwace rezar da na riƙo don farke ɗinkin. Na shiga, na ajiye layar a teburin matar da ke karɓar takardu. Ta ja kujera baya har ta bugi bango.

"Awurade! Ɗauke wannan abin!"

"Madam, orijinal ɗin ke nan."

Na roƙi almakashi, kowa ya ɓoye nasa. Mutanen layi suka watse, sai wani tsohon Bazabarme da ya matso yana tambayar wane malami ya yi mini. Da haƙori na warware ɗinkin. Takardar ta fito a nannaɗe, tana ƙamshin turare, allura ta huda ta ko'ina, huji ɗaya daidai kan shekarar da na gama.

Aka kira oga. Ya juya ta da bakin biro, bai taɓa da hannu ba. Ya ce a doka wannan takarda an taɓa ta, sai makarantarmu ta rubuto wasiƙa ta tabbatar da kowane huji. Na ce ranka ya daɗe, kakata ce ta sa aka ɗinke ta don in samu aiki, kuma kafin wasiƙa ta iso daga Masar aikin ya tafi. Ya ce in biyo shi ciki.

Ya rufe ƙofa, ya jawo durowa, ya zaro tasa takardar ta Ingila. Ya ce ƙannensa a aiki duk sun wuce shi, shi yana nan kujera ɗaya.

"Tsohuwar nan, tana yi wa na Turanci?"

Na ce sai na tambaya. Na kira Kaka nan take, na sa a sifika. Ta ce Turanci ba ya kamawa sosai, amma in fatar ta ɗan akuya ce za a gwada.

Oga ya sake duban hujin nan, ya ce yanzu da ya lura, shekarar tana karantuwa. Ya buga hatimi. Litinin na fara aiki, aka tura ni auna kwata a Maamobi.